Lambar Waya a Ƙasan Hoton Mamaci

Suame, Kumasi
3 ga Satumba

Kawu Yaw,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da 'yan makarantarka da gwiwar nan taka mai ciwo. Mu nan lafiya lau. Matata Pokuaa ta warke daga zazzaɓin, yara suna zuwa makaranta, Mama kuma tana can Bekwai, makon jiya ma ta aiko mana da agade da gwaza. Na kira wayarka ya fi sau ashirin duk da na san tsibirinku babu sabis, shi ya sa na ba direban Kotoso wannan takarda ya miƙa wa Agbeko mai jirgi.

Kawu, an cuce ni.

Ka tuna janaretan walda da na ce zan saya in buɗe rumfata, in daina yi wa wani bauta? Mama ta jinginar da gonar kokonta wurin Agya Fosu, ya ba ta sidi dubu goma sha ɗaya, da sharaɗin in Nuwamba ta ƙare ba a biya ba, gona ta zama tasa. Na ga injin a kasuwar intanet, wani mutum a Tema ya sa shi. Ban yi gaggawa ba, Kawu. Na ce ya tayar da shi in gani, ya tayar. Na ce ya rubuta sunana a takarda ya ɗora a kan tankin mai ya ɗauko hoto, ya yi. Muryarsa irin ta masu wa'azi, yana ce min ɗan'uwa a cikin Ubangiji. Na tura rabi ta waya. Washegari ya turo hoton kaya a ɗaure a tasha, ya ce direba ba zai tashi ba sai an cika. Na cika. Sunan da ya fito a asusun shi ne Osei Gyamera.

Kwana uku ina tashar Asafo daga safe har yamma, duk motar da ta shigo sai na leƙa bayanta. Wayarsa a kashe.

Ranar Litinin na hau mota zuwa Tema, na bi adireshin da ya ba ni. Ba inji, ba shagon inji. Wani mai sayar da daskararren kifi na tarar, yana sakace. Na ce ina Gyamera, ya ce, "Kai ne na huɗu da ya zo nan, ku je ku nemi Gyameranku a gaba." Dariyar da ya yi ce ta kwance min kai. Na shaƙo wuyansa na maka shi da firjinsa, na ƙara, har sai da na ga haƙora biyu a kan ƙanƙara. Matan kasuwar suka taso min da wuƙaƙen gyaran kifi, ɗaya ta tsarge min kafaɗa, da ƙyar na kai titi. Sai a mota na yi tunanin wataƙila da gaske bai san komai ba.

Kada ka gaya wa Mama. Ta ɗauka injin yana hanya. Kai ne ka yi karatu a gidanmu, ka faɗa min ƙofar da zan buga. Amma na rantse da kabarin kakata, duk ranar da na sa hannu a kan mutumin nan, sai an kwashe shi a buhu.

Ɗanka,
Kwadwo Sakyi

*

Kpatakope, cikin tafki
9 ga Satumba

Kwadwo, magajina,

Takardarka ta iso tana warin kifi, don Agbeko a ƙarƙashin kwando ya sa ta. Ina lafiya. Gwiwa tana nan, ita ce ke sanar da ni ruwan sama kafin rediyo. Ɗalibai ɗari da tara, malamai biyu, akuya ɗaya da ta fi kowa zuwa aji a kan lokaci. Ka gaida Pokuaa da yara.

Na karanta labarinka sau biyu. Karo na farko na ji tausayinka, karo na biyu na ji tausayin mai kifi. Mutum ya tashi da safe da haƙora talatin da biyu, bai sayar wa kowa inji ba, ya koma gida da talatin. In ka samu sarari ka aika masa da kuɗin likita, ko ba suna.

Ka ce ba ka yi gaggawa ba. Ɗana, ka sa ɓarawo ya rubuta sunanka a takarda, da ka ga ya iya rubutu sai ka miƙa masa gonar uwarka. Ni shekara ashirin da shida ina koya wa yara rubutu, ban taɓa sanin yana da tsada haka ba.

To, an riga an yi. Ga abin da za ka yi, kuma a jere. Ka je ofishin kamfanin waya da saƙonnin biya guda biyu, ka nemi su rufe asusun. Ka rubuta wa masu kasuwar, ka haɗa da hotunan hirarku duka, har wurin da ya kira ka ɗan'uwa a cikin Ubangiji, domin su ma su ɗan yi dariya. Ka je wurin 'yan sanda ka ba da bayani, ka karɓi takarda mai hatimi. Sannan ka duba ƙarƙashin tallan, da wuya a ce kai kaɗai ne mai hankali irin wannan a ƙasar nan. In ka samu 'yan'uwanka, ku haɗa kai. Sunan nan Osei Gyamera shi ne kawai abin da kake da shi a hannu, ka bi shi a hankali har inda ya tsaya.

Batun buhu kuma, na karanta tarihin yaƙe-yaƙe da yawa a wannan tsibiri, tunda ba abin yi in an tashi daga makaranta, ban taɓa ganin inda aka doki mutum har sidi suka zubo daga bakinsa ba. Hannunka na walda ne. Ka ajiye shi a aljihu.

Ba zan gaya wa uwarka Afua ba, amma ka sani 'yar'uwata ba ta taɓa buƙatar a gaya mata abu ba. Tun muna yara take gane wanda ya saci nama daga yadda yake tauna rogo.

Kawunka,
Yaw Adomako

*

Suame, Kumasi
19 ga Satumba

Kawu,

Na gaishe ka. Muna lafiya, sai dai kafaɗar ta yi ruwa, Pokuaa tana gasa min. Mama ta kira sau biyu tana tambayar inji, na ce yana hannun kwastan.

Duk ƙofofin da ka lissafa na buga. A kamfanin waya wata yarinya a bayan gilashi ta ce an cire kuɗin cikin minti tara, a rumfunan cire kuɗi uku a Konongo. Masu kasuwar sun amsa min da godiya, suka ba ni shawara kada in biya kafin in ga kaya. 'Yan sanda sun rubuta bayanina a shafi biyu, suka ce in dawo. Na koma, suka ce in sake dawowa.

Amma gaskiyarka, ba ni kaɗai ba ne. Mu biyar ne. Akwai Maame Akoto mai sayar da ruwan sanyi, ita firji ta biya. Akwai Braa Yeboa direban tifa, shi taya shida. Shekaranjiya ni da Yeboa muka je Konongo muka zagaya rumfunan nan uku. Mai rumfa ta biyu ya ce bai tuna ba. Yeboa ya kama yatsunsa ya tura cikin ƙofar rumfar ya danna, har sai da ya tuna cewa mutumin yana zuwa da babur ja daga wajen Adumakrom. Na san za ka yi faɗa. Ni dai ban taɓa shi ba, riƙe ƙofar kawai na yi.

Kawu, ga abin mamaki. A mararrabar Adumakrom, jikin wata bishiyar mangwaro, na ga takardar sanarwar jana'iza, babba, mai launi. Hoton wani tsoho da zanen kente. A ƙasa an rubuta Opanin Osei Gyamera, shekara tamanin da shida, ya rasu sha ɗaya ga Yuli. Can ƙasa kuma, inda ake sa lambar tura gudummawa, lambar nan ce. Ita ce, Kawu, na haddace ta fiye da ranar haihuwata. Na kira a wurin, ta shiga, aka ɗauka, na ji hayaniyar mata, na kashe.

Sun ci kuɗinmu, yanzu kuma suna so su ɓuya a bayan gawa. Jana'izar ranar Asabar ce, ashirin da bakwai ga wata. Za mu je mu shida a tifar Yeboa, da abokan aikina huɗu. Mun sayi baƙaƙen zannuwa. Zan tsaya a tsakiyar taron in kira lambar, duk aljihun da ta yi ƙara a ciki, mai shi ya gama tafiya da ƙafafunsa.

Kai ka ce in bi sunan har inda ya tsaya. Ga shi ya tsaya.

Ɗanka,
Kwadwo

*

Kpatakope
23 ga Satumba

Kwadwo,

Lafiyata ƙalau, na gode, ba ni da lokacin gwiwa yau. Ina rubutu a tsaye a bakin ruwa, Agbeko yana zuba mai.

Na ce ka bi sunan a hankali. Kalmar tana nan a takardar, ka duba, ban san ko kifi ne ya cinye ta ba.

Ka zauna ka yi lissafin da ɗan aji uku zai yi. Tsohon ya mutu a Yuli, an cuce ka a ƙarshen Agusta. Wato lokacin da yake kiran ka ɗan'uwa a cikin Ubangiji, yana kwance a firjin asibiti wata ɗaya da rabi. Wani ne a gidan yake riƙe da layinsa, kuma kwaɗayi ya sa ya maƙala lambar a sanarwa don gudummawa ma ta bi ta hannunsa. Wannan wautar tasa ita ce sa'arka, kada ka ɓarar da ita.

KADA KA JE RANAR ASABAR. Ka je ranar Litinin. Ka manta yadda aka yi da kakanka ya rasu? Asabar a binne, Lahadi a je coci, Litinin dangi su zauna a tsakar gida a buɗe littafi, mai magana da yawun shugaban dangi ya tashi ya tambaya sau uku ko akwai wanda mamaci ya ci wa bashi. Duk wanda ya tashi a ranar da shaida, magajin da aka naɗa ya ɗauki bashin a kansa a gaban jama'a, kuma daga kuɗin gudummawa ake fara biya. Ba dangin da zai yarda a ce tsohonsu ya shiga ƙasa da sunan ɓarawo. Ka sayi kwalba biyu ta barasar dattawa, ka ɗauki wani mai furfura ya yi magana a madadinka, ku biyar ku je da takardunku. Su da kansu za su zaƙulo maka ɓarawon, kai kana zaune a kujera.

Kuma ka ji wannan da kyau. Wayar gudummawa ba ta zama a aljihun ɗan gida ranar jana'iza. A kan tebur take, a hannun wani baƙon dangi da aka amince da shi, don kada a zargi kowa. Kai ka sani, ka sha zama a irin teburin nan kana cin biskit. Duk wanda wayar ta yi ƙara a hannunsa ranar Asabar, shi ne mutum ɗaya a garin da na tabbata ba shi ne ba.

In ka ɗaga hannu a gaban gawa, garin gaba ɗaya zai hau kanka, har guragu.

Kawunka,
Yaw

*

Asibiti, Kumasi
6 ga Oktoba

Kawu Yaw,

Ina gaisuwa. Wannan rubutun Pokuaa ne, ni nake faɗa tana rubutawa. Lafiya dai ga ta nan. Ina kwance, ƙafata ɗaya da ankwa a jikin gado, ɗan sanda yana zaune a ƙofa yana cin gyaɗa.

Takardarka ta iso ranar Talata, kwana uku bayan jana'izar. Direban ya ce injin Agbeko ne ya mutu a tsakiyar ruwa, ya yi kwanaki yana jiran kayan gyara. Pokuaa ta karanta min sau ɗaya, na ce kada ta sake.

Mun isa Adumakrom da azahar. An riga an binne, mutane sun cika filin makaranta, rumfuna ja da baƙi, ganguna, ga hoton tsohon an jingina a kan kujera da furanni. Muka bi layi muka gaisa da dangi hannu da hannu, daga dama zuwa hagu, kamar mutanen kirki. Aka ba mu kujeru, aka kawo mana ruwa. Bututun ƙarfe yana cikin zanena.

Mai lasifika yana ta kira. "Sidi ɗari biyu daga abokan aikin 'yarsa na Obuasi, dangi sun gode! Sidi hamsin daga ƙungiyar mata masu gwaza, dangi sun gode!" Na tashi na matsa kusa da teburin, na danna lambar.

Ta yi ƙara a hannun wani dattijo mai tabarau, siriri, yana zaune da littafin rasit a gabansa. Ya ɗaga ya ce, "Alo?" Na ji muryarsa a kunnena, na ji ta a gabana. Na ce, "Kai ne Gyamera? An binne ka da safe, ga ka kana karɓar kuɗi?" Ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Ɗana, rasit kake so? Faɗi sunan a hankali, kunnena ba shi da kyau."

Kawu, na ɗauka ba'a yake min.

Sau biyu na sauke masa bututun. Na farko a kafaɗa, na biyu a ka. Ƙarar ba irin ta ƙarfe a kan ƙarfe ba ce, ban taɓa jin irinta ba. Ya kife a kan littafin, jini ya bi takardun kuɗi. Ganguna suka tsaya. Wata mata ta kurma ihu, "Sun kashe Papa Dwomo! Jama'a, sun kashe mana dattijon coci!"

Daga nan ban san farko ba ban san ƙarshe ba. Kujeru, duwatsu, taɓare, itacen girki da wuta a jikinsa. Wata tsohuwa da ba ta kai ƙirjina ba ta watsa min tafasasshiyar miya a wuya. Yeboa ya ruga ya tayar da tifa, suka fasa gilashin suka jawo shi ta taga, suka cinna wa motar wuta, yanzu kunnensa ɗaya babu. Abokan aikina suka shige gonakin koko, ɗaya sai washegari aka tsince shi a rami da karyayyar cinya. Ni suka kayar da ni a gindin teburin. Wani ya taka min hannu da takalmi, wani ya ce, "Da wanne ya buga? Wannan ne?" Sai adda. Yatsu uku, Kawu, na dama. Babban yatsa da ƙaramin ne suka rage. An riga an kawo taya da galan na fetur, limamin cocin ne ya kwanta a kaina da farar rigarsa yana cewa sai dai su ƙone mu tare, har 'yan sanda suka zo.

Papa Dwomo bai mutu ba. Yana hawa na sama a asibitin nan, bai farfaɗo ba tukuna. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ba ma danginsu ba ne. Da safen ranar aka miƙa masa wayar.

Mama ta sani. Ta zo ta tsaya a ƙarshen gado ta kalli hannun, ta kalli ankwar, ta ce, "Wannan ne injin?" Ta ajiye kwanon abinci ta fita.

Saura mako takwas wa'adin Agya Fosu. Ka zo, Kawu.

Kwadwo

Kawu, ni ce Pokuaa. Na ɓoye masa bututun tun ranar Alhamis, ya je ya yanko wani. Ka zo don Allah, ba ya barci, in ya rufe ido sai ya ce ana tambayarsa rasit.

*

Bekwai
26 ga Nuwamba

Kwadwo,

Ina gaishe ka, da fatan hannun yana warkewa, kuma masu gadin gidan yarin suna ba ka maganin da na bari. Ni lafiya. Uwarka lafiya, Pokuaa da yara sun dawo nan Bekwai da zama. Ranar da na zo dubiya ba su ba mu minti goma ba, kuma ta cikin ragar ƙarfe ba a yin dogon labari, shi ya sa na koma ga takarda.

Zaman dangin Gyamera da ka rushe sai ranar Litinin da ta wuce aka yi shi. Na je. Na ɗauki kwalba biyu, da rago ɗaya na ban haƙuri, da wani tsohon abokina mai furfura da ya iya magana. Maame Akoto da sauran ukun suka biyo ni, Yeboa da bandeji a inda kunne yake a da. Da muka shiga garin ba wanda ya amsa gaisuwarmu. Gawar tifar tana nan a bakin filin, awaki sun mayar da ita gida.

Shugaban dangin, Nana Brefo, ya bar mu a tsaye a rana kusan awa guda kafin ya karɓi ragon. Sannan aka buɗe littafi, shafukan tsakiya duk sun manne da jini, sai da aka sa wuƙa. Mai magana ya tashi ya tambaya ko akwai wanda mamaci ya ci wa bashi. Sau ɗaya ya tambaya, mu biyar muka miƙe. Magajin da aka naɗa, wani tela mai suna Kwame Adu, ɗan ƙanwar mamacin, ya zo da sabon zane yana tsammanin gadon gida da gona. Da aka karanta masa jimillar sai ya nemi ruwa.

Nana Brefo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wa ke riƙe da wayar tsoho tun da ya kwanta?" Duk idanu suka tafi wuri ɗaya. Boadu sunansa, ɗan mamacin na cikinsa, mai babur ja, yana zaune a baya da baƙin tabarau. Ka ga lissafinsa? Ya san a wurinmu ɗa ba ya gadon uba, to bashin uba ma ba zai hau kansa ba, kan 'ya'yan gwaggonsa zai sauka. Ya ci da sunan ubansa, ya bar wa tela wanke kwano. Da ya buɗe baki ya ce, "Nana, a cikin sunan Ubangiji," sai Maame Akoto ta yi tsalle ta ce, "Muryar ce! Wallahi muryar firjina ce!"

Ba mu taɓa shi ba. Ba a ba mu dama ba ma. Telan ne ya fara, da kujerar da aka naɗa shi a kai. Suka ɗaure shi a bishiyar lemo, gwaggonninsa suka kewaye shi da taɓare, wata ta daka barkono ta shafa masa a ido tana kiran sunan ubansa. Na ji haƙarƙari ya karye daga inda nake zaune. Ina so in ce maka na tashi na hana, amma na ƙirga duka goma sha huɗu kafin in tuna ni shugaban makaranta ne. Daga baya suka miƙa abin da ya rage nasa ga 'yan sanda.

Sannan tela ya tsaya a gaban jama'a, ya ce ya ɗauki bashin kawunsa. Aka juye kuɗin gudummawa a tabarma aka biya mu ɗaya bayan ɗaya. Naka dubu goma sha ɗaya cif, 'yan biyar-biyar da goma-goma, wasu da tabo. Duka zaman, daga buɗe littafi zuwa ɗaure jaka, bai kai awa biyu ba. Ban faɗi wannan don in ƙona maka rai ba. To, wataƙila kaɗan.

Na san an sanar da kai Papa Dwomo ya cika ranar sha huɗu ga wata, bai farfaɗo ba ko sau ɗaya. Takardar tuhumarka ta canza suna. Na ga wani lauya a Kumasi da aka ce ya iya irin wannan shari'a, yana iya jawo ta daga kisan kai zuwa kisa ba da niyya ba. Kafin ya buɗe fayil yana son dubu goma.

Jiya na ajiye jakar a cinyar uwarka, na faɗa mata duka biyun: lauya dubu goma, Agya Fosu dubu goma sha ɗaya kafin Lahadi. Na ce ni ba zan zaɓa ba. Ta daɗe tana kallon jakar. Pokuaa ta durƙusa ta riƙe mata ƙafa tana kuka, tana cewa, "Mama, ɗanki ne, Mama." Afua ta ce, "Na sani, ni na haife shi. Yaw, gonar nan uwarmu ta bar min. Ita ta biya kuɗin makarantarka, ita ta yaye Kwadwo, kuma ba ta taɓa fasa wa kowa kai ba. Yaransa uku, in ya yi shekara goma a ciki, lauya ne zai ciyar da su?"

Ta ɗaura ɗankwali ta tafi gidan Agya Fosu da ƙafarta. Ya ƙirga sau biyu, fuskarsa kamar an ba shi maganin ɗaci, don ya riga ya yi cinikin masu tsinkar koko. Ta karɓo takardarta. Gona ta dawo.

Kai kuma lauyan gwamnati za a ba ka, na kyauta. Na gan shi, yaro ne mai ladabi, fayil arba'in a hammatarsa. Zan sayar da babur ɗina in ga abin da zai ƙara, amma kada ka sa rai da yawa, babur ɗin ya girmi lauyan.

Uwarka ta ce ba za ta zo dubiya ba tukuna. Ranar Asabar ake jana'izar Papa Dwomo, kuma ta ce za ta je, ta zauna duk inda suka ajiye ta, ko a rana ne. Ta sayar da zannuwanta biyu ta ba ni kuɗin in sa a ambulan. Na ce wane suna zan rubuta, ko mu ce daga wata mai fatan alheri? Ta ce, "Rubuta Afua Nyarko, uwar Kwadwo Sakyi. Su faɗa a lasifika, kowa ya ji."

Na rubuta. Ni zan raka ta.

Kawunka,
Yaw Adomako